Baƙin Allon Jirgin Baro

A yammacin wata Laraba ta shekarar 2012, ana gab da kiran sallar magariba, Injiniya Ɗalhatu yana zaune a falon gidansa da ke hawa na huɗu a unguwar Muhaisnah, cikin wani birnin Larabawa na bakin teku, sai tsakuwa ta faɗo cikin kofin shayinsa. Tagogi a rufe suke. Ya ɗauko ta, ya ji ta da sanyi da santsi, tana ƙarnin laka irin ta bakin kogi. Kafin ya buɗe baki, wasu uku suka biyo ta.

Wajibi ne mai karatu ya san ko wane ne wannan bawan Allah. Ɗalhatu masanin injin jirgin ruwa ne, mutum mai alfahari da takardunsa. Wani attajiri mai tara kayan tarihi ya sayi gawar wani tsohon jirgin tururi da ya yi jigilar gyaɗa da fasinja tsakanin Baro da Lokoja a kan kogin Kwara tun zamanin Turawa, irin mai manyan ƙafafu biyu masu juyawa a gefe, masu dukan ruwa da allunan katako. Ɗalhatu ne ya je ya kwance shi gunduwa-gunduwa, aka loda a kwantena zuwa wata ma'aikata a unguwar Al Quoz ta wannan birnin domin a raya shi. A ranar lodi, tsoho Badaru, wanda ya yi gadin jirgin shekara arba'in, ya riƙe masa hannu ya ce kowane allo a canza, ban da baƙin nan na ƙafar hagu, domin matuƙan da suka gabata ba su taɓa raba shi da ruwan kogi ba. Ɗalhatu ya kira wannan camfi. Da attajirin ya ce a goge allon a kafe shi cikin gilashi, kasancewar shi kaɗai ne ya rage na asali, sai ya kawo shi gida ya jingine a bayan kujera, don ya yi aikin da hannunsa.

Kwana shida gidan bai zauna ba. Da rana ta sunkuya, sai a ji ana dukan ruwa cikin bango, fat, fat, fat, a hankali kuma ba fashi. Kafet ya jiƙe ba tare da famfo ya zuba ba. Hadijatu, matarsa, ta daina ɗora tukunya bayan la'asar. Ɗalhatu ya kira mai gyaran famfo har sau biyu.

A rana ta bakwai suka tarar da 'yarsu Asama'u, mai shekara goma sha shida, tsaye a tsakiyar falo, tana ƙirga zurfin ruwa da muryar dattijo, irin kiran da ake yi wa matuƙi.

"Baban Asama'u," in ji Hadijatu, "wannan ma famfon ne?"

Ɗalhatu ya ɗauki waya ya kira Malam Zailani, wani malami Bakano da ke da shagon jallabiyoyi a kasuwar Naif.

Malam ya iso da magariba, ya yi salla, ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Fitila ta dushe, tsakuwa ta riƙa zuba a bayansa, bai waiwaya ba. Can sai Asama'u ta ɗago kai.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne. Shekara ɗari ina cikin allon nan, ban taɓa kifar da jirgi ba, ban taɓa cin fasinja ba. Ya kulle ni cikin akwatin ƙarfe wata biyu, ya kawo ni ƙasar da ruwanta gishiri ne. Yanzu kuma gilashi! Na bushe, Malam. Jikinta kaɗai na samu da danshi."

"Zalunci ne ka rama a kan wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ko kaza ba za a yanka maka ba. Yanka na Allah ne."

Numfashin yarinyar ya fara sarƙewa, leɓɓanta suka tsage kamar wadda ta yi kwanaki ba ta sha ruwa ba.

"To a mayar da ni kogin Kwara. Ba a jirgin kaya ba. Shi da kansa, a hannunsa."

Malam ya juyo. "Injiniya, ka ji. Wannan ba haramun ba ne, mayar da abu ne inda aka ɗauko shi."

Ɗalhatu ya san abin da hakan ke nufi. Ba tare da allon ba, jirgin ya zama sabon katako da sabon fenti, attajirin kuwa ba zai yafe ba, aikin shekara biyu da bizarsa duk za su tafi. Ya fara cewa, "Malam, ko za a ba ni mako guda in yi wa mai jirgin bayani..."

"Ɗalhatu!" Hadijatu ce, wadda tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Dubi bakin 'yarka."

Ya duba. Sannan ya durƙusa ya ɗora hannu a kan allon.

"Na yi alkawari, Allah ne shaida. Jibi."

"Khalas, shi ke nan," in ji Malam. "Fita, kada ka dawo."

Asama'u ta yi atishawa sau uku ta sulale jikin uwarta. Allon ya yi gumi, ya yi nauyin da sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

Jibin, Ɗalhatu ya ajiye wa attajirin takardar barin aiki, ya hau jirgin sama zuwa Abuja da allon, ya kwana a mota zuwa Lokoja. Da hantsi ya shiga kogin da wandonsa na ofis har ƙugu, ya saki allon, ya nutse nan take. Yana tsaye cikin ruwan wayarsa ta yi ƙara a aljihun riga.

"Baba," in ji Asama'u da muryarta ta kullum, "Umma ta ce in tambaye ka, mu fara haɗa kaya ne?"

"Ku fara," ya ce.