Wasiƙar da Aka Buɗe da Tururi

Duk 'yan tsibirin Tonga da ke garin Robinvale na Ostireliya sun san babu wasiƙar da ke shiga gidan Akosita ta kwana da sirrinta. Akwatin wasiƙa ɗaya ne a ƙofar gidan, mabuɗinsa kuwa a wuyanta yake rataye. Masu sharri na cewa butar shayinta ta fi ma'aikacin gidan waya sanin abin da garin ke ciki. Ni dai ban ce ba.

Mijinta ya daɗe da rasuwa. A ɗakin baya ƙaninta Manase yake zaune da matarsa Kalolaine, wadda ake kira Kalo, mai cikin wata biyar. Ranar wata Asabar da hantsi Kalo na kicin tana naɗe nama cikin ganyen gwaza na abincin Lahadi, sai Akosita ta dire mata ambulan a gabanta.

"Ga taki daga asibiti. Ruwan sama ne ya jiƙa mata baki."

Wata uku ke nan rabon garin da ɗigon ruwa.

Kalo ta goge hannu ta karanta. Gwajin bakin mahaifa da aka yi mata a wajen awo ya nuna tana da ƙwayar cutar HPV, ana son ta koma likita ya duba da kyau. Ga shi dama mako biyu tana ɓoye wasu 'yan tsiro da suka fito mata a gaba, ko mijinta ba ta faɗa wa ba.

"Na ga jikinki ya yi sanyi," in ji Akosita, tana ɓare rogo. "Lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Madalla. Wai ni kam, wata nawa Manase ya yi a gonar mangwaro a Bowen? Huɗu ko? Ke kuma kina nan, koyon waƙar coci sau uku a mako. Muryar kuwa har yau jiya-i-yau!"

"Yaya, me kike nufi?"

"Na duba a waya. Ba a bencin coci ake ɗaukar wannan cuta ba!"

Ta manta shaf cewa wai ita ba ta karanta wasiƙar ba.

"Ki saurare ni da kyau," ta ci gaba, tana nuna cikin da wuƙar rogo. "Ni ce gwaggon abin da ke nan. Ni zan raɗa suna, ni zan shimfiɗa tabarmar da za a kwantar da shi. Amma sunan mahaifiyarmu ba zai hau kan abin da ban tabbatar namu ne ba!"

Hawaye ya zubo wa Kalo. A wajenmu jaririn da gwaggonsa ta juya wa baya, har ya yi furfura ana nuna shi da baki.

Ana cikin haka Manase ya shigo neman ruwan sha, kicin ya yi tsit. A al'adarmu namiji da 'yar'uwarsa ba sa taɓa maganar da ta shafi jiki a gaban juna. Ko fim ake kallo aka zo wajen rungume-rungume, dole ɗayansu ya tuna yana da aiki a waje. Akosita ta hau yi masa zancen tsadar doya.

A ɗaki Kalo ta miƙa masa wasiƙar, ta faɗa masa batun tsiron. Ya karanta sau biyu, gumi ya keto masa.

"Sai... sai mu ji abin da asibiti za su ce."

"Shi ke nan abin da za ka ce? Yayarka fa cewa take cikin ba naka ba ne!"

"Bari in yanke ciyawar can, ta yi tsawo."

Jiya-jiya ya yanke ta.

Daga ranar gidan ya koma ofishin 'yan sanda mai masu bincike biyu. Akosita ta tsaya a bakin coci tana ƙare wa mazan ƙungiyar waƙa kallo ɗaya bayan ɗaya, har wani dattijo mai jikoki goma sha ɗaya ya daina zuwa don tsoro. Kalo kuwa zuciyarta kan mijinta ta tsaya. Mutumin da ba shi da laifi, me zai sa shi gumi? Ta faki idonsa ta ɗauki wayarsa, ta ci karo da suna "Jo Mangwaro", ta kira. Wani tsoho mai tuƙa tarakta ya ɗauka, ya yi minti ashirin yana ba ta labarin gwiwarsa. Manase dai kullum yana bayan injin yankan ciyawa, har ciyawar ta ƙare ya koma aske ƙasa.

Ranar komawa asibiti likita ta duba ta da madubi mai ƙara girma, sannan ungozomarta Noreen, wata farar mace mai furfura, ta zaunar da ita.

"Ɗan canji ne kaɗan aka gani a bakin mahaifar, ba sankara ba ce. Za mu riƙa dubawa, in kin haihu mu sake gwaji. Bebinki lafiyarsa ƙalau. Tsiron kuma wani jinsin ƙwayar ne dabam, ciki ne ya ba shi damar fitowa, sau da yawa bayan haihuwa yakan lafa."

"Sista, don Allah ki faɗa min gaskiya. Wa ya kawo ta gidana? Yaushe?"

Noreen ta cire tabarau. "'Yata, babu gwajin da ke faɗin wannan. Yawancin mutane sai sun gamu da ita a rayuwa, ba su ma sani ba. Takan yi shekaru kwance a jiki ba motsi. Ba shaidar cin amana ba ce, ba taki ba, ba tasa ba."

Kalo ta dawo gida da sauri ta zayyane wa mijinta.

"Yanzu ka je ka faɗa wa Yaya."

"Ni? In buɗe baki a gaban Akosita in ce bakin ma... Haba Kalo! Gara ki ce in haɗiye injin can!"

"To ni na faɗa mata ta ce turawa ba su san kunya ba. Mako uku ina shan baƙar magana kana kallo!"

Kalo ta jawo akwati, ta fara zuba kaya. Gidan mahaifiyarta a Auckland ta ƙasar New Zealand ba a rufe yake ba.

Washegari da la'asar ta fita bayan gida kwashe shanyarta don ta ƙarasa haɗa kayan. Manase ya biyo ta har gindin igiya, inda manyan zannuwan gadon Akosita ke shanye kamar bango.

"Kalo, tsaya. Sori. Akwai abin da na ɓoye miki."

"Wace ce ita?"

"Babu kowa! Na rantse da kabarin mahaifiyarmu, tun ranar da na gan ki a rumfar inabi ban kalli wata ba. Amma shekara shida da suka wuce, kafin in san ki, irin wannan tsiron ya fito min. Na je asibiti a ɓoye aka cire. Da na ga wasiƙar nan sai na ce shi ke nan, ni na jawo miki, ni na jawo wa ɗana. Kunya ta hana ni magana."

"Kunya! Ni kuma fa? Ka bar ni ina kiran tsofaffi masu ciwon gwiwa!"

"Wane tsoho?"

"Ba ruwanka!"

Tana share hawaye idonta ya sauka ƙasa. A ƙarƙashin zanen gado mai furanni, ga silifas rawaya guda biyu, da ƙafafu a ciki. Duk garin mutum ɗaya ke da su. Yatsun ƙafar sun nannaɗe kamar za su shige ƙasa.

Akosita ta zo kama ɓarauniya, ta ji abin da bai halatta kunnen 'yar'uwa ya ji ba har abada.

Hannun Kalo yana kan zanen. Fizga ɗaya za ta yi ta rama mako ukun nan har da riba: kafin Lahadi labarin ya kai Tonga, Akosita ba za ta sake haɗa ido da ƙaninta ba, shi ma haka. Ta riƙe zanen har yatsunta suka yi zafi. Sannan ta sake shi.

Ta juya ga mijinta ta ɗaga murya, sai ka ce kurma ta aura.

"Ka ji abin da Sista Noreen ta ce! Ba mai iya sanin wa ya ba wa! Takan yi shekaru a kwance! Kuma ta ce duk macen da ta taɓa aure ta je gwaji, ko da mijinta ya daɗe da rasuwa! Mace ma na iya ɗaukar gwajin da hannunta, ba wanda zai kalle ta!"

"Kalo, ai ina jin ki, me ya kawo ihu?"

"Ciki ne. Zo mu shiga, rana ta yi zafi."

Ta ja shi ta ɗaya gefen, ba ta waiwaya ba.

Ranar Lahadi bayan coci, dangi cike da rumfar mota ana shirin cin abinci, Manase ya miƙe. Ya zuba wa matarsa kwanon farko, ya ce, "Wannan matata ce, abin da ke tafe nawa ne. Mai magana ya same ni." Kowa ya saci kallon Akosita, ana jiran tsawa. Sai ta tura tulun ruwan kankana gaban Kalo.

"Sha, ke da ba ke kaɗai ba. Kin rame."

Bayan kwana biyu Kalo ta ga mabuɗin akwatin wasiƙa ajiye a kan tagarta. Bayan mako uku kuma ta ciro ambulan mai tambarin asibiti, da sunan Akosita a kai. Ta kai mata a rufe, a bushe.

"Ga taki, Yaya. Yau ba a yi ruwa ba."

Akosita ta kalle ta, ta kalli butar shayi, ta ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. Abin da ke cikin wasiƙar kuwa ban sani ba, tunda mai sanar da gari ta yi murabus.

Kalo ta haifi 'ya mace lafiya. Akosita ta iso asibiti da tabarmi masu laushi da ƙyallen ɓawon itace wanda sai da maza huɗu suka kinkimo, har masu gadi suka zaci ƙaura ake. Ta ɗauki jaririyar ta daɗe tana kallo.

"Heilala," ta ce a hankali. Sunan mahaifiyarsu ne. "Hancin ma namu ne, Allah ya ba ta haƙuri."

Da aka sake gwada Kalo bayan haihuwa, canjin ya lafa, aka ba ta ranar dawowa, kuma Manase ne ke tuna mata.

To 'yan'uwa, kun dai ji. Takardar asibiti labarin jiki take bayarwa, ba ta san zuciyar kowa ba. Wanda ya mai da ita shaidar kotu zai rusa gida a banza. Kunyar da ke sa miji ya bar matarsa cikin zargi ba tarbiyya ba ce. Kalo ta samu dama a hannu ta rufa asirin wadda ta tona nata, shi ya sa ta tsira da mijinta, da sunan 'yarta, har da mabuɗi. Ciyawar ma ta sake tsirowa.