Gajeriyar Dirkar Gabas

"Ki faɗa mini gaskiya, Sakinatu... ni ne ba kya so?"

Mudi ne ya yi tambayar, yana tsaye a bakin zaure, gumi na bin wuyansa. Tun da hantsi ya taso a ƙasa daga Gozaki, kuma dole ya koma kafin a rufe ƙofar ganuwa, don a shekarun nan mahara ba su bar hanya ta zauna lafiya ba.

"Haba Mudi! Ka san ba haka ba ne."

"To mene ne? Magabatana sun zo, kawunki ya amsa. Aka ce a sa rana, ke kika roƙa a dakata. Kaka ta wuce, ga bazara ta shigo. Me kike jira, sanyin idona?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Rumfa..."

"Rumfa?!"

Sai hawaye. A nan ta kwashe komai ta faɗa masa.

Rumfar tana ƙofar ɗakin mahaifiyarta, Inno. Marigayi babanta, Malam Ɗanasabe, shi ya kafa ta da hannunsa tun Inno tana amarya. Tun da ya rasu, a ƙarƙashinta Inno ke wuni tana kaɗin auduga. Yanzu rumfar ta tsufa, ta karkace ta gabas, ko iska kaɗan ta kaɗa sai ka ji tana ƙara. Duk wanda ya zo da maganar gyara, Inno ta kore shi. Kullum da safe Sakinatu ke tokare wannan gefen da tsohuwar taɓarya.

"In na tafi Gozaki wa zai tokare? Hadarin fari na zuwa, Mudi. Ba zan iya zama a ɗakinka ina sauraron iska, ina tunanin ko ta faɗo mata a ka ba..."

Mudi masassaƙi ne, ɗan masassaƙa, amma bai taɓa ganin rumfar ba. Mai neman aure iyakarsa zaure, balle a ce ya haɗa ido da surukarsa.

"Tana ciki?"

"Ta tafi barkar haihuwa makwabta."

"Bari in gani. Kallo kawai."

Ta shige da shi.

Ta ɗauka zai girgiza kai kamar sauran. Sai ta ga ya tsaya cik, ya ɗaga kai yana bin sandunan sama da ido. Ya shafa dirkokin nan huɗu, wato ginshiƙan ice masu baki biyu da suka ɗauki rumfar, kamar mai shafa wuyan doki.

"Kai! Allah Ya jiƙan Malam. Dubi yadda ya zaɓi icen ƙirya, duk bakinsu ɗaya. Dubi ɗaurin nan..."

Sakinatu ta bi shi da kallo. Ba ta taɓa ganinsa a bakin aiki ba. Duk gaggawar nan tasa ta tafi. Ya durƙusa gindin dirkar gabas, ya zaro 'yar wuƙa yana tona ƙasa a hankali, kamar kada ya ji mata ciwo. Daga nan ya koma na yamma, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.

"Wa ya shigo mini gida?"

Inno ce a tsaye bayansu, da ƙwarya a hannu.

Mudi ya zabura kamar wanda kunama ta harba. Babu hanyar fita sai ta gabanta. Ya juya da sauri ya fuskanci katanga, ya tsugunna, ya dafe hularsa. Inno ma ta kawar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ke!" Ba ta kiran sunan Sakinatu, don 'yar fari ce. "Tambayi baƙonki, uban wa ya aiko shi ya tone mini gindin rumfa?"

"Inno, don Allah, ni ce na..."

"Na ce ki tambaye shi!"

Mudi ya yi gyaran murya, fuskarsa na katanga.

"Ki ce ina neman gafara. Ki ce kallo na zo yi, hannuna ne ya ƙi zama."

"Ki ce masa na san karatun. Zai ce ta karkace, a tumɓuke, a miƙar da ita. Kawunki ya faɗa, maƙwabta sun faɗa. Ya tashi ya ba ni wuri."

"Ki ce ba ta karkace ba."

Sakinatu ta buɗe baki, ta rasa wa za ta gaya wa me.

"Ki ce na tona na gani," in ji Mudi. "Dirkokin gabas a kan fale-falen dutse suke zaune, ba su nutse ko kaɗan ba, kuma lafiyarsu lau. Gajeru aka yanke su. Da gangan Malam ya yi. Ban san dalilinsa ba, amma mutumin da ya yi wannan ɗaurin ba zai yi kuskuren awo ba."

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannun Inno.

"Ciwon yana yamma," ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa. "Gara ta cinye gindin biyun nan, ɓawo kawai ya rage. Sakinatu... gefen da kike tokarewa ba shi zai faɗi ba."

Sakinatu ta dafe ƙirji. "Innalillahi! A nan fa take shimfiɗa tabarmarta!"

Inno ta lallaɓa ta zauna a bakin ƙofar ɗaki. Da ta buɗe baki, ba da kowa take ba.

"Ina amarya, da safe nake kaɗi. Rana ta dinga dukan idona, zare na tsinkewa. Ban taɓa faɗa masa ba, ina jin nauyi. Ashe yana gani. Ran nan na dawo daga rijiya na tarar ya sauke gefen nan, yana ta gumi. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba... har ya koma ga Allah."

Hawaye suka wanke fuskar Sakinatu. Ta girma a gindin rumfar nan, yau ta fara jin wannan.

"Ke," in ji Inno tana share ido, "tambaye shi, in da shi ne, yaya zai yi?"

Nan fa bakin Mudi ya buɗe. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa, har yanzu bai juyo ba.

"Ki ce na gabas ba mai taɓa su, su ne ma'aunina. Zan shiga daji in samo ƙirya biyu busassu, masu baki irin waɗannan. In babbake gindinsu da wuta, in zurfafa rami, in sa dutse a ƙasa kamar yadda ya yi, in cika da toka saboda gara. Kafin in cire tsofaffin sai na tokare sama, kada ɗaurinsa ya motsa."

"Tsofaffin kuma fa? Murhu?"

"Subhanallahi! Ki ce gindin kawai ya mutu, saman yana da rai. Zan datse ruɓaɓɓen, in kwantar da su a sama su riƙe zana. Ko tsinke ɗaya na Malam ba zai bar rumfar nan ba."

Sakinatu ta kalli faɗin bayansa, rigar ta jiƙe sharkaf. Wannan mutumin ta bari yana ta zarya a hanya mai hatsari?

"Ɗan nan."

Mudi ya ƙame. Da shi take, kai tsaye.

"Na'am, Inno..."

"Juyo mana. Katangar ba ita za ta zauna a rumfar ba."

Ya juyo a hankali, idonsa a ƙasa. Ta dube shi sosai, karo na farko.

"Gobe ka shiga dajin. Ke kuma, je ki ce da kawunki ina nemansa. Yarinya ta zauna ta tsufa tana gadin ice!"

Kafin hadarin fari rumfa ta tsaya da ƙafafunta, gabas a ƙasa, yamma a sama. Sati na zagayowa aka ɗaura aure.

Tun da la'asar aka zo ɗaukar amarya, don tafiyar da nisa. Sakinatu ta ƙwace daga hannun ƙawayenta ta faɗa jikin mahaifiyarta tana kuka.

"Inno, wa zai zauna da ke? Wa zai..."

Inno na zaune a ƙarƙashin rumfar, ta miƙa hannu sama, ta dafa tsohon icen da ke kwance bisa kanta. Ɗaya hannun ta ɗora a kan 'yarta.

"Tashi ki bi mijinki. Na ga irin hannun da zai riƙe ki... na san shi, na zauna da irinsa."