Motar Ango Ba Ta Shiga Layinmu

"Sake faɗa, Twaha, ban ji ba!"

Na ji sarai, kunnena ne kawai ya ƙi karɓa.

Ya jingina da get ɗin unguwarmu, ya kasa haɗa ido da ni. Saura 'yan kwanaki ya zo gidanmu da danginsa a yi kwanjula, wato a gabatar da shi ga iyayena bisa al'adarmu ta Buganda, a ɗaura mana aure a rana ɗaya, amma ga shi yana murza makullin mota kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Yaya Mastula ta ce in dai motocinmu ba za su shiga har ƙofar gidanku ba, ba za ta zo ba."

"In kuwa ba ta zo ba..."

"Babu macen da za ta ɗauki kwandon kayan aure a danginmu. Kin san ita ta raine ni, ita ce uwa ita ce uba."

Na dafa ƙarfen get ɗin.

"Shamim, dube ni mana. Ni zan zo, ko ni kaɗai ne."

"Kai kaɗai? Da zakara a hammata kamar mai zuwa kasuwa? Ka san Baba, ba zai ba da 'ya ga mutumin da danginsa suka yi zamansu a gida ba!"

"Ai ba maganar motar ce kaɗai ba," ya faɗa a hankali. "An je har shagonta an gaya mata wai Baba ya ce mu mutanen garin Masaka ne, 'yan ƙauye, mun saba da tafiyar ƙafa."

"Innalillahi! Wa ya faɗa?"

Ya ɗaga ido ya kalli benen da ke kallon gidanmu. Shakirah ce a tsaye tana shanya ɗankwali, ta ɗago mana hannu har da murmushi. Maƙwabciyata, wadda tun Twaha yana zuwa wurin yayanta ta gama yanke wa kanta ɗinkin amarya a zuci.

Wallahi da ba don tarbiyya ba, da na hau benen nan.

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Mirembe ya san ciwonmu. Da aka gina gidajen, hoto aka nuna wa iyayenmu, ga bishiyoyi ga fili, kowane gida da motarsa guda a ƙofa. Wurin mota ɗaya tak suka bar wa kowa, sun manta mai gida na da tasa, uwargida na da tata, ɗan da ya fara aiki ma ya jawo wata. Da yamma ta yi, layinmu ya cika dama da hagu, abin da ya rage a tsakiya bai fi zaren wando ba. Da safe kuwa sai hon da bugun ƙofa, ka ga babban mutum ya fito da tawul a ƙugu yana masifa zai janye mota.

Da muna dariyar abin. Bara muka daina.

Mama ce ta fito daga tsakanin motoci biyu da damin matoke, ayabar da muke dafawa, a hannu. Ba ta ga ɗan boda a kan babur ɗinsa na haya ba, shi ma bai gan ta ba, ya banke ta. Motar asibiti ta zo, ta tsaya a bakin get tana kuka, babu hanyar shiga. Mutane suka yi cirko-cirko, wannan na neman makulli, wancan na cewa ba motarsa ce ta tare ba, Mama kuwa tana kwance jini na bin kwalta.

Sai wani baƙo mai farar riga ya ratso mutane, bai tambayi kowa ba ya sunkuce ta ya zuba a guje har get. Ni ina binsa a baya da takalminta ƙafa ɗaya a hannu, ina ihu.

Baƙon nan shi ne Twaha.

Mama ta tashi, Alhamdulillahi, sai dai da sanda. Da Twaha ya fito neman aurena kuwa, sai kunyar surukuta ta shiga tsakaninsu, don a wurinmu uwar mace ba ta haɗa ido da mijin 'yarta, balle hannu. Da ta ji sallamarsa sai ta ja ƙafa ta shige ɗaki. Gwaggo Nakatudde, ƙanwar Baba, ba ta gajiya da tsokana: "Duk Buganda ban taɓa ganin surukin da ya rungumi uwar kafin ya ga 'yar ba sai naku!"

Tun ranar hatsarin Baba ya rantse, motar baƙonsa ba za ta ƙara kwana ko wuni a layin nan ba. Akwai filin makaranta a wajen get, can kowa zai faka ya tako.

Bayan tafiyar Twaha na sami Baba a falo, na durƙusa.

"Baba, rana ɗaya ce fa..."

"Ita ma waccan rana ɗaya ce."

"Aurena zai lalace, Baba!"

Ya cire tabarau, na ga idonsa ya kaɗa. "Nabbosa," ya kira ni da sunan gida, "ina tsaye aka ɗauki uwarki a hannu kamar buhu, saboda ni da maƙwabtana mun toshe mata hanya. Motata na cikin waɗanda suka tare. Ina son yaron nan har raina. Amma ba zan buɗe layin nan ga jerin motoci ba, ko aurenki ne."

Na tashi na shige ɗaki, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Na ji haushinsa, na kuma san gaskiya ya faɗa, wannan ne ma ya fi ƙona min rai.

Ana jibi biki, da la'asar sakaliya, muka ji hon ba ƙaƙƙautawa. Na leƙa. Wata ƙatuwar mota baƙa ce a tsakiyar layi, ta kasa gaba ta kasa baya.

Yaya Mastula!

Ashe ta zo da kanta ta faɗa wa Baba abin da ke ranta. Maigadi ya ce mata babu wuri a ciki, ta ja tsaki ta danno kai, daidai lokacin da kowa ke dawowa daga aiki. Mota a gabanta, motoci a bayanta, ƙofar dama ba ta buɗuwa, ta hagu ma haka. Ta zauna a ciki kamar kaza a akurki, gumi na wanke mata hoda.

Na matsa ta gefe har tagarta. Ko wurin durƙusawa babu, sai na rusuna.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunki! Kira min ubanki!"

"Ya tafi masallaci..."

"To zan jira shi. Ai dole ma in jira, tunda kun kulle ni!"

Sai na ji ƙwas... ƙwas... a bayana. Sandar Mama ce. Tana tahowa a karkace tsakanin motoci, kafaɗarta na bugun madubai, ƙafar nan mai ciwo tana jan ƙasa. Yaya Mastula ta buɗe baki za ta ci gaba, ta fasa. Ta zuba mata ido har ta iso.

"Shamim, je ki kawo wa baƙuwa shayi," in ji Mama. Ban je ko'ina ba, ita ma ba ta sake faɗa ba.

Ta dafa tagar tana haki. "Sannu, 'yata. Kin ga ikon Allah, daidai wurin kika tsaya. Nan ƙarƙashin tayarki na kwanta."

Yaya Mastula ta kalli ƙasa ta tagar, ta ɗago.

"Hajiya, ni ba wannan ya kawo ni ba. An ce mai gidanki ya ce mutanen Masaka..."

"Uwar da ta haife shi 'yar Masaka ce. Can aka binne ta. In ya zagi Masaka, wa ya zaga?"

Yaya Mastula ta sunkuyar da kai.

Na saci kallon bene. Shakirah ta janye kanta ciki kamar kunkuru.

"Ranar bikin nan akwai tsofaffi," Mama ta ci gaba, "akwai masu ciki, ga yara suna guje-guje. In wani ya faɗi, wa zai ɗauke shi? Ƙaninki dai yana zaune cikin doguwar rigarsa ta kanzu ana ɗaura masa aure."

"Amma Hajiya, mu shigo da ƙafa? Kamar masu zuwa roƙo? Me mutane za su ce?"

"Ban sani ba, 'yata. Ba kuma roƙonki na fito yi ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Wata magana ce ta daɗe tana cina." Ta gyara riƙon sandarta. "Lokacin da nake asibiti ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo, yaron nan ya riga ya zama suruki, ba ni da halin in dube shi in ce na gode. Kullum sai dai in tsaya bayan labule ina jin muryarsa, maganar tana nan a wuyana. Yau Allah Ya kawo min wadda ta raine shi, Ya kuma tsayar min da ita ba ta da hanyar gudu."

Ta kama hannun Yaya Mastula da ke kan sitiyari.

"Na gode. Kin raini mutum. Ko an yi auren nan ko ba a yi ba, ni dai na gode."

Hawaye suka zubo min. Yaya Mastula ba ta janye hannun ba. Da maƙwabta suka gama ja da baya ɗaya bayan ɗaya aka samar mata hanya, ta yi ribas ta fice ko sallama babu.

Na kira Twaha.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, masoyiyata. Ta shiga ɗaki ta rufe."

"To za su zo?"

"Ban sani ba... wallahi ban sani ba."

Ranar ta zo ban san ko amarya ce ni ko abin tausayi ba.

Abin mamaki na farko da safe na gan shi. Na ɗaga labule, layinmu wayam! Babu wanda ya roƙe su, maƙwabta suka kwashe motocinsu suka kai filin makaranta. Har Mista Okello, mai motoci uku, wanda bai taɓa janye ko ɗaya ba sai an yi cacar baki. Ashe layin nan yana da faɗi, ashe har da magudanar ruwa a gefensa ban sani ba.

Aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Ƙamshin matoke da miyar gyaɗa ya cika gida. Gwaggo ta naɗa min gomesi, doguwar rigar bikin matanmu, ta ɗaure min ɗamara har numfashina na sama-sama.

Azahar ta wuce, babu su. Liman ya fara duba agogo. Kujerun baƙi suna nan babu kowa. Wayar Twaha a kashe. Shakirah ta fito bene ta ci ado, ta jawo kujera ta zauna kallo.

"Gwaggo, ba za su zo ba..."

"Rufe min baki, kar ki ɓata min kwalliyar da na sha wahala a kanta!" Amma ita ma sai leƙa taga take yi.

Sai muka ji guɗa daga can bakin get. Ɗaya, sannan wata, sannan unguwa gaba ɗaya ta ɗauka.

Na ruga taga.

Wayyo Allah, ga su nan! Da ƙafa! Maza a jere cikin fararen kanzu da kwat, mata a jere da kwanduna a ka, layi har ban ga ƙarshensa ba. A gaban kowa Yaya Mastula ce, cikin gomesi ruwan zinare, kwando a kanta, tana taku ɗaiɗai kamar ita ta shimfiɗa kwaltar. Mutane suka firfito ƙofofi da benaye suna tafi, yara suna binsu a tsakiyar titi babu mai tsawata musu. Can a cikin maza na hango Twaha, yana ta ɗaga kai yana neman tagata.

Gwaggo ta sauka a guje ta tare su a bakin rumfa. "Kun makara, surukai!"

"Ina za mu yi sauri?" in ji Yaya Mastula da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ai sai an gama kallona! Da a mota na shigo, wa zai ga wannan gomesin?"

Wurin ya kaure da dariya.

Amma ba ta shiga rumfar ba. Ta tambayi Gwaggo wani abu a kunne, Gwaggo ta nuna mata tagar ɗakin Mama. Sai ta juya, ta sauke kwandon, ta zube gwiwa biyu a kan kwalta da sabon gomesinta, tana fuskantar labulen.

"Hajiya, mun iso," ta ce. "Na kawo miki shi."

Labulen ya motsa kaɗan. Daga ɗakin da nake ina jin kukan Mama, ina jin Baba yana cewa, "Ya isa, ya isa mana," alhali shi ma kukan yake.

Aka yi gabatarwa, aka ɗaura aure kafin la'asar. Da aka zaunar da ni kusa da Twaha, ya sunkuyo kamar mai gyara hula.

"Matata..."

"Na'am, yallaɓai."

"Takalmin nan sabo ne, ƙafata duk ta yi bororo."

Na danne dariya, hawaye na zuba. "Sannu, angona. Laifinmu ne."

"Kuka kuma? Me ya rage?"

Na dubi Yaya Mastula tana karkaɗe ƙurar gwiwarta, na dubi maƙwabtanmu da suka cika rumfa, na dubi labulen Mama.

"Babu abin da ya rage," na ce. "Na rasa wanda zan fara gode wa ne."