Hoton Khaulat a Bakin Kogin Wudil

Da yamma lis Maikano mai hoto ya rufe shago, ya rataya kyamara, ya gangara bakin kogi. Wani malamin jami'a ne ya ba shi aiki: hoton gadar Wudil da faɗuwar rana, za a sa a kalanda.

Kyamarar nan kuwa, duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon ya haddace kirarinta. Ful-firem ce, in ji Maikano, cikinta faffaɗa, tana kwasar haske ko na fitilar ƙwai ne. Katin ajiyar hoto biyu take ci. Gashin gira ɗaya ba ya ɓoye mata. Ya ɗauki amare da ita sun fi ɗari, har bijimai ya ɗauka a kasuwar Juma'a. Mutum ɗaya ce bai ɗauka ba: matarsa Khaulat. Hotunan bikinsu sun mutu tare da wata tsohuwar kwamfuta. Na waya kuma ta ƙi, ta ce matar mai hoto sai da babbar. Shi kuwa kullum haske bai yi ba, a bari sai gobe. Zazzaɓin kwana uku bai jira haske ba.

Wata bakwai ke nan. 'Yarsu Afra, mai shekara huɗu, ta fara tambaya: "Abba, Ummata da wa take kama?" In ya rufe ido fuskar tana nan, amma ta soma dushewa. Abin da ke hana shi barci ke nan.

Bakin ruwa ya yi tsit. Ƙarnin kifi, warin laka, hayaƙin masu suya daga nesa. Tirela ta bi ta kan gada, ƙasa ta yi ɗan rawa. Bilya masunci yana naɗe koma a cikin kwalekwalensa.

"Mai hoto, magariba fa ta kawo kai. Ruwan nan da masu shi."

"Ai yanzu ne hasken ya nuna, Malam Bilya. Minti biyu."

Ya kafa ido a tagar leƙen kyamara. Jan ɗigon da ke neman abin ɗauka ya bar gada da kansa, ya sauko kan ruwa. Kyamara ta yi ƙit.

Mace ce tsaye, ruwa iya idon sawunta.

Ya janye ido. Ruwa kawai, da ciyawa.

Ya mayar. Tana nan, da shuɗin mayafi.

"Abban Afra," in ji ta, ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun tada yaro. "Yau haske ya yi?"

Mai hankali da ya yi a'uziyya ya ruga. Maikano mai hoto ne. Abin da ya fara faɗo masa, gilashin da ya ɗauro na ɗaukar gada ne, mai faɗi, ba ya jawo na nesa. Fuskarta ba ta fi ƙwayar gero ba a ciki. In ana son fuska, sai a taka da ƙafa.

Ya taka.

"Ya yi," ya ce. "Kada ki motsa."

Irin wannan kyamara tana da madubi a ciki. In an danna, madubin yakan ɗaga, idon mai ɗauka ya shiga duhu na ƙiftawa ɗaya. In haske ya yi ƙasa, duhun yakan daɗe.

Ya danna. Duhu. Da madubi ya sauko, ta ɗan ƙara nisa.

Ya ƙara taku. Sanyi ya shiga takalminsa.

"Ɗago haɓa kaɗan."

Ta ɗago. Ya danna. Duhun ya fi na ɗazu.

Ruwa a gwiwa. Kwaɗi sun yi shiru.

Ruwa a ƙugu. Ƙamshin turarenta na wuta, a tsakiyar kogi.

"Matso mana," ta raɗa. "Ko sai gobe?"

Hawaye ya cika masa tagar leƙe. Ya matsa. Fuska ta cika hoto.

Ya danna.

Madubi bai sauko ba.

A cikin duhun ya ji numfashi a bayan kunnensa. Wani yatsa mai sanyi ya kwanta a kan nasa, ya danne maɓallin.

Yashi ya zame a ƙarƙashinsa.

Bilya ne ya cafko wuyan rigarsa, yana salati, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya. Har gobe yana ba da labari: mutum ruwa ya shanye shi har hanci, amma hannu ɗaya a sama, kyamara ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Kwana tara Maikano yana kwance. Da ya tashi ya duba katin. Hoto ya fita tas, har gashin ido ana ƙirgawa. Ya wanke babba, ya sa a firem, ya kai gidan surukarsa Indo a Dagumawa, inda Afra take. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya miƙa.

Indo ta daɗe tana kallo.

"Malam, wannan 'yar waye?"

"Inna, Khaulat ce."

"Allah ya jiƙan Khaulat. Ina tabon girarta? Ina wushiryarta?" Ta kife hoton a kan tabarma. "Kada yarinyar nan ta gani."

Ya rufe ido don ya gwada da wadda ke zuciyarsa. Babu tabo. Babu wushirya. Ta cikin kogin ce zaune a wurin, tana murmushi.

Yanzu hoton fasfo kawai yake ɗauka, da rana tsaka. Duk Juma'a yakan je Dagumawa, Indo ta siffanta 'yarta tun daga goshi har haɓa, shi da Afra suna saurare. Afra takan gyaɗa kai, ta ce ta gan ta. Shi kuwa in ya rufe ido, har yau ta cikin kogin yake gani.