Takunkumin Motar Murtala

Fulawa aka ce in kai Abeokuta, kuma sai bayan la'asar aka gama lodi a Ogba. Na roƙi Oga ya bari in kwana, in tashi da asuba. Ya ce kamfani ba ya biyan direba don ya yi barci, in ba zan iya ba, ga masu neman aiki cike a bakin ƙofa. Ya wurgo mini makulli ƙasa. Na sunkuya na ɗauka.

Motar da yayana Murtala yake tuƙa wa kamfanin ce. Shekarar da soja suka miƙa mulki kamfanin ya ɗaura wa motocinsa wani ƙarfe a jikin inji, wai muna gudu da yawa. Mu direbobi takunkumi muke ce masa. Ko ka taka totur har ƙasa, da allurar gudu ta kai inda suka yanka sai inji ya shaƙe, kamar an matse masa wuya.

Bayan an wuce Ifo akwai dajin kwakwa, daga nan gangara, a ƙasanta 'yar gada. Duk direban Agege ya san ƙa'idar wurin. In magariba ta riske ka can, ka rufe gilashi, ka ba mota wuta, kada ka kalli madubi. Abin da ke wurin da ƙafa yake bin mota, amma bai taɓa cim ma mai gudu ba, kuma an ce ba ya haye gadar. Mun gaya wa Oga tun ranar da aka sa takunkumin. Ya ce mu 'yan Arewa har da aljanunmu muka zo Legas.

A dajin nan aka tsinci gawar Murtala. Mota a gefen titi, ba ta daki komai ba. Yana zaune, idanu buɗe, ƙafarsa a kan totur, sai da aka taru aka ɓamɓare ta. Kamfani suka ce ciwon zuciya ne.

Ranar da matarsa Azumi ta ji na karɓi motar, a tsakar gida ta tare ni, gaban 'yan haya, tana cikin takaba.

"Barau, motar da ta cinye ɗan'uwanka za ka hau? Kujerarsa ko hucewa ba ta yi ba."

Na ce mata 'ya'yansa abinci suke ci. Ta ce ko ƙwayar shinkafa kada in shigo mata da ita daga motar nan.

Cunkoson motocin haya na danfo a Sango ya cinye mini sauran rana. Ina shiga dajin kwakwa sama ta yi ja. Ba mota a gabana, ba mota a bayana. Na rufe gilashi, na taka. Allura ta hau, ta kai wurinta, ta tsaya. Inji ya yi gurnani ya shaƙe.

Wari ne ya fara shigowa. Warin taɓo, da ƙaurin gashi.

Sannan na ji sawu. Ƙafa ba takalmi a kan kwalta, fat, fat, fat, can wajen tayoyin baya. Ba haki, ba gaggawa. Na fara Ayatul Kursiyyu, harshena ya sarƙe a tsakiya.

Sawun ya zo daidai tankin mai. Ya zo daidai ƙofata.

"Barau."

Muryar Murtala ce, ƙasa-ƙasa, kamar bakinsa na cikin kunnena.

"Taka mana, ƙanena."

Na danna har ƙasa. Allura ba ta motsa ba.

"Ni ma haka na taka."

Wani abu ya goga jikin ƙofa, kamar farce a kan kwano. Hannun ƙofar ya fara sauka a hankali. Na riƙe shi da hagu, sitiyari da dama. Ya fi ni ƙarfi.

"Sauka daga kujerata."

Ba yayana ba ne. Murtala bai taɓa yi mini magana da wannan ƙiyayya ba.

Hancin mota ya sunkuya. Gangara. Takunkumi inji yake riƙewa, ba ya riƙe taya. In ka cire giya ka bar mota a firi, nauyin kaya ne zai tura ta. Ba direba mai hankali da zai yi haka da cikakken lodi, don birki ba zai ji ba.

Na saki ƙofa. Na taka kuloci.

Ƙofar ta buɗe. Wani abu mai sanyi ya damƙe mini idon sawun hagu.

Na fizge giya.

Motar ta zabura. Allura ta wuce wurinta. Iska na ihu, riƙon yana zamewa, yana karce ni, har ya saki. Gada ta yi ƙara a ƙarƙashina. Na taka birki, babu komai. Mota ta kwanta a gefenta, buhuna suka fashe.

Na rarrafo ta gilashin gaba. Fulawa ta rufe titi har kan gada, fari fat. Shiru, sai ɗigar mai.

A kan farin nan na ga sawu yana fitowa. Dogo, babu mai shi. Ɗaya. Sai wani a gabansa.

Yana hayo gadar.

Fitilar wata motar itace ce ta hasko wurin, mutanen cikinta suka ɗauke ni.

Ina gadon asibiti Oga ya aiko a gaya mini an kore ni, wai na yanke takunkumi. Makaniki ya duba ya ce takunkumin yana nan lafiya, ba wanda ya saurare shi. Azumi ba ta zo duba ni ba. Likita ya ce babu karaya, amma har yau jan ƙafar hagun nake yi.

Yanzu gadin buhunan albasa nake a kasuwar Mile 12. Kullum ƙoƙarina in isa gida da sauran rana. Duk ranar da motar haya ta makara, na sauka a Agege ana kiran magariba, ina jin sawun a lungunmu, fat, fat, a bayana.

Ba ya gudu yanzu. Ya san iyakar saurina.