Kunya Ɗaya a Gonar Malam Shitu

Ranar kasuwar Ƙofa Jibrin ya fara ganin Kulsum. Shi malamin gona ne, yana raba takin zamanin da wata ƙasa ta aiko taimako. Ita kuwa ta tsaya tana leƙen buhun.

"Malam, nawa mudun gishirin?"

"Ba na miya ba ne, na gyaɗa ne. Kuma kyauta ne."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Daga ranar keken Jibrin ya manta kowace hanya sai ta gidansu.

Mahaifinta, Malam Shitu, ya ce atafau. Dalili kuwa, Labaran mai neman Kulsum tun bara ya tula takin a gindin shuka kamar kashin shanu, gyaɗarsa ta ƙone, ya bi gari yana cewa guba aka aiko.

"Wanda bai taɓa taka gonata ba, ina ya san ciwonta?" in ji Malam Shitu. "Ba na ba mai raba ƙuna 'yata."

Jibrin ya rame, abinci ya gagare shi. Da damina ta zagayo ya rubuta mata da ajami:

"Hasken idona, a roƙar mini kunya ɗaya a gonar Baba in gwada. In ta lalace, na haƙura da ke, ko da baƙin ciki zai kashe ni."

Kulsum ta aiki goggonta Dije wurin Malam Shitu, ita kuma ta isar da saƙon a taƙaice.

"Yaya, yaron nan ya ce a sam masa kunya."

"Ashe ya san ba shi da ita."

Da ya gane ta gona ake nufi, tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ba shi ta can gefe, mafi tsauri.

Kafin Jibrin ya zuba komai, sai da ya durƙusa ya tambayi tsohon inda ruwa ke kwanciya da lokacin da yake noma. Sannan ya sa takin ɗan kaɗan nesa da saiwa, ya rufe.

Bayan wata biyu amsar Kulsum ta zo:

"Nawan, kunyarka ta yi kore shar. Jiya na ga Baba tsaye a kanta, ya manta da fartanya a kafaɗa."

Da kaka Malam Shitu ya tuge tushe ɗaya, ya jinjina nauyinsa.

"Da masu aikowa za su riƙa tambaya kamar yadda ka tambaya, da gonar kowa ba ta ƙone ba. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure ranar Juma'a. Tsohon ya dafa kan Jibrin.

"Ka riƙa tambayarta ita ma, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba da zuri'a ta gari."