Sunayen da ke Jikin Dutsen

Dab da magariba na fita kai wa maigidana abinci, da jaririna a goye. Shi ne mai kula da filin da aka gwabza yaƙin basasa tun muna yara. Yanzu an kewaye wurin da waya, ba noma, ba kiwo. Aikinsa yankan ciyawa da gyaran ramukan da sojoji suka ɓuya a ciki, don kada ruwan sama ya cike su da ƙasa.

A makon ne aka kafa wani dogon dutse mai sunayen waɗanda suka mutu a wurin, na wannan ɓangare da na wancan.

Ni ban yi makaranta ba. A jikin kwalayen magani na koyi karatu, kuma sai na furta da baki nake ganewa.

"Ke da ko kwalin ashana ba kya ƙyalewa," in ji shi da safe yana dariya. Sai kuma ya gimtse fuska. "Na dutsen nan dai ki karanta a zuci. Soja in an kira sunansa amsawa yake."

Na manta. Ban same shi a ɗakin gadi ba, sai na tsaya jiransa gaban dutsen. Na ɗora yatsa a layin farko, na haɗa baƙaƙen, na faɗa.

"Na'am."

Daga cikin rami ne. Ƙasa-ƙasa.

Na ce kunnena ne. Na karanta na biyu.

"Na'am."

Kwaɗi suka yi tsit. Warin albarushi da jiƙaƙƙen takalmi ya taso. Na so in yi a'uziyya, bakina ya ƙi, sai suna na uku, sai na huɗu. Yatsana na sauka da kansa. A bayana ciyawa na kwanciya, ana jeruwa. Ina jin ƙarar ƙarfen ɗamara.

Sunaye suka ƙare. Ƙasan dutsen fili ne, ba rubutu.

"Saura ɗaya," aka raɗa daidai kan goyona. "Layi bai cika ba, uwa."

Yaron ya farka ya tsala ihu. Kowace uwa ta san abin da baki ke yi in ɗa ya yi kuka. Na kira shi.

Rabin sunan ya fita.

Hannu mai warin ciyawa ya toshe min baki.

"Kar ki ƙarasa," maigidana ya ce a kunnena. Yana karanta Ayatul Kursiyyu yana jana da baya, har muka fita ƙofar waya.

Da safe ya koma ya duba. A ƙasan dutsen akwai sababbin baƙaƙe uku, farkon sunan ɗana.

Shekararsa bakwai yanzu. Auta muke ce masa, har a makaranta. Bayan kowace sallah nakan roƙa wa mutanen filin gafara, a zuci. Kuma duk yamma in babansa ya dawo, kafin in ba shi ruwa sai na dubi fuskarsa.

"Uku ne har yanzu," yake ce min.